Abin da iyayen Maiwurno suka ce kan zaɓen alfa a sakandare

Ga abin da na tattaro daga iyaye a Maiwurno, wani gari a Sudan, kan yadda za a zaɓi alfa, wato ɗalibin da ke shugabantar aji:

1. Kusan kowa ya yarda ɗalibai su zaɓa da ƙuri'ar takarda, malamai su ƙirga a gabansu bayan taron safe. Ɗaga hannu yakan haifar da gaba.

2. Kada a ba yaro don gidansu ko ƙarfinsa. Alfa mai rubuta sunayen masu surutu a allo ya tsallake abokansa, shi aka fi kuka da shi.

3. An rabu kan 'yan aji uku. Wasu sun ce a bar su da karatun shahadar Sudan, wato jarrabawar kammala sakandare, wasu suka ce su kaɗai ƙanana ke jin maganarsu. Ni dai ina tare da na farko.

4. Bulala ta malami ce, ban da alfa.