Ƙaramar silindar ko-ta-kwana ga masu nutso: inda aka tsaya

Jama'ar Kaduna, ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan ko ya kamata mai nutso ya riƙa ɗaukar ƙaramar silindar iska ta ko-ta-kwana, ƙari a kan babbar da yake shaƙa:

1. Kowa ya yarda ta tsira ce, ba ta ƙara daɗewa a ruwa ba.
2. Masu goyon baya sun kawo Kogin Kaduna da damina: ruwa jawur, abokin nutsonka ma ba ka gani, balle ya sam maka iska.
3. Wasu sun ce kaya ne kawai, gara a riƙa duba ma'aunin iska.
4. Kan girmanta aka fi ja-in-ja. A zurfin mita 30 saurin ƙarewar iska ya ninka na saman ruwa sau huɗu, don haka 'yar mitsitsiyar ba lallai ta kai mutum hawowa a hankali da tsayawar kariya ta minti 3 a zurfin mita 5 ba. Nan kam ina bayan masu cewa 'yar mitsitsiyar ba ta isa.