Muhawara: A rufe makarantun naƙasassu zalla, ko a bar su?

Malam Sani: Jama'a, ni dai a ganina zamanin ware naƙasassu a makarantarsu daban ya wuce. Tun 1994 a Salamanka ta ƙasar Sifaniya gwamnatoci 92 suka amince yaro mai buƙata ta musamman ya zauna aji ɗaya da sa'o'insa. Italiya ma ta riga su, tun 1977 ta soke azuzuwan da ake ware irin waɗannan yara. To me ake jira?

Maman Ummi: Malam, da girmanka, amma zama a aji daban, koyon karatu daban. 'Yata kurma ce, shekara biyu ta yi cikin masu ji. Malami ya juya baya yana rubutu a allo yana bayani, ko leɓensa ba ta gani. 'Yan aji su kwashe da dariya, ita ma ta taya su, don kar a gane ba ta san abin da aka faɗa ba. Yanzu tana makarantar kurame, hannunta ba ya hutawa don surutu.

Malam Sani: Allah sarki. Amma Hajiya wannan ai ba haɗawa ba ce, ajiyewa aka yi. Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ya ce a samar da malaman da suka iya maganar hannu da rubutun makafi.

Malama Binta: A takarda ke nan. Ni malamar aji ce. Mai keken guragu ba shi da wuya, a gyara masa hanyar shiga da bayan gida, shi ke nan, har rige-rigen tura shi yara suke yi. Amma an taɓa kawo mini makaho ba littafi ko ɗaya da zai shafa. Duk abin da na rubuta sai na karanta masa sau biyu, sauran kuwa sun fara tsalle kan benci.

Yaya Auwal: Malam Sani, takardar Salamankan da ka ambata, ita da kanta ta ce mai yiwuwa kurame su fi amfana a makaranta ko ajinsu na musamman, saboda harshe. Kurame ba su manta da taron malaman kurame na 1880 a Milan ta ƙasar Italiya ba, inda masu ji suka yanke a daina koyar da su da hannu.

Malam Sani: Kurame na yarda, na janye. Sauran kuwa ina kan bakana.

Maman Ummi: To a samo mini aji mai tafinta daga safe har tashi, ba awa biyu ba, ni da kaina zan mayar da ita.