Yaya zan gane ko bayanin kayan aiki ne ke ɓatar da wakilin AI ɗina?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kawuna yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, ni kuma ina haɗa masa wakilin AI, wato manhajar AI mai ɗaukar mataki da kanta, da zai riƙa amsa wa kwastomomi ta WhatsApp. Kayan aiki uku, wato ƙananan manhajojin da yake kira su yi masa aiki, na ba wakilin: na duba kaya a sito, na duba oda, da na fitar da takardar biya. Kowanne da sunansa da bayani layi ɗaya da Turanci.

In mace ta rubuto "kayana sun iso?", sai ya tafi sito, ya dawo ya ce mata akwai kaya, alhali odarta take tambaya. In wani ya ce turmi biyu, wani lokaci 2 yake sakawa a gurbin yawa, sito kuwa da yadi yake lissafi, turmi ɗaya yadi shida a wurinmu. Na kan sauya kalma a bayanin, in gwada, ya yi daidai, washegari ya koma gidan jiya. Shin gyarana ne ya yi aiki ko dace ne kawai? Da me ake aunawa? Abin ya dame ni, don kuɗin mutane ne da mutuncin kawuna.

Injiniya Bilki

Wa alaikumus salam ƙanena. Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin manhajarka. Suna yake gani, da bayani, da guraben da ka tsara da JSON Schema (tsarin fayyace abin da za a cika a kowane gurbi), shi ke nan. Haka abin yake tun da OpenAI ta fito da tsarin kiran kayan aiki a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da Anthropic ta fitar a Nuwamban 2024. Ka ɗauka sabon yaron shago ka miƙa wa wannan layi ɗayan ba tare da ƙarin magana ba. Zai san "yawa" yadi ake nufi? Ka mayar da gurbin "yawan_yadi", kuma a bayanin sito ka rubuta ƙarara cewa ba a amfani da shi in mutum yana tambayar kayan da ya riga ya saya.

Batun awo kuwa, ka daina gwadawa da saƙonnin da ka ƙirƙira da kanka, don kai ka san abin da kake nufi. Ka kwaso na gaske daga wayar shagon, ka goge sunaye da lambobi, har da masu guntuwar magana irin "nawa ne na jiya ɗin nan". A gefen kowanne ka rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da za a saka a gurabe. Ka ware wasu ka ɓoye, kada ka taɓa su sai ka gama gyara, in ba haka ba, za ka ɗinka bayanin daidai da saƙonnin da ka haddace. Kuma bayani ɗaya za ka sauya a kowane zagaye.

Abban Sadiq

Gaskiyar Hajiya Bilki ce. Abin da kake kira dace ɗin ma ana auna shi. A τ-bench, gwajin da kamfanin Sierra ya fitar a 2024, ana maimaita aiki ɗaya sau da yawa a ga ko wakili zai ci dukkansu a jere, kuma rumbun bayanai ake dubawa a ƙarshe, ba daɗin bakinsa ba. Yi lissafi: wanda ke cin kashi 90 cikin 100, in kowane gwaji zaman kansa yake, damar ya ci takwas a jere kusan kashi 43 ce kacal. Gwajin kiran kayan aiki na jami'ar Berkeley kuma, mai suna BFCL, yana da sashen da babu kayan aikin da ya dace, a ga ko wakilin zai kame hannunsa. Ka saka irin wannan a naka, kamar mai gaisuwa kawai ko mai neman ragi.

Mai Kwamfuta Zinder

Ni dai ban yarda a ɗora wa bayani komai ba. Me ya sa wakili zai yi lissafin turmi? A ba shi gurbi biyu, adadi da ma'auni, ya zaɓi turmi ko yadi, manhaja ta ninka da shida. Sannan ka duba abin da kayan aikin ke mayar masa in an samu kuskure. In lambar kuskure kawai yake gani, zai yi ta lalube. In ya ga "ba a samu oda ba, nemi lambar wayar da aka yi oda da ita", ya san mataki na gaba.

Ɗan Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yaya Bilki, in mayar da bayanin Hausa ne tunda da Hausa ake rubuto mana?

Injiniya Bilki

Ka rubuta biyu, ɗaya da Hausa zalla, ɗaya da Turanci amma ka cusa masa maganganun kwastomomi yadda suke faɗa, "sun iso?", "an turo?", "ina saƙona?". Ka gwada su a kan saƙonni iri ɗaya, kowane saƙo sau biyar aƙalla. Ni na fi sa rai da na biyun, amma ka kawo mana sakamakon nan mu gani.