Watan da ganga ta yi shiru, da me kuke ci da gida?

Ɗan Kalangu, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena masu harkar kiɗa a nan Kumasi da sauran garuruwan Ghana. Tambaya ce ta kawo ni, kuma ba ta wasa ba ce. Shekarata 26, kalangu na gada wurin mahaifina, shi ma wurin nasa ya gada. Makon jiya kawuna ya je gaisuwa gidan su yarinyar da nake nema. Mun yi ta fargabar baban zai ce ba ya ba maroƙi 'yarsa, sai ga shi ko kusa bai bi ta nan ba. Abu ɗaya ya tambaya: "In azumi ya kama, babu ɗaurin aure babu biki, da me zai ciyar da ita?" Kawu ya dawo ya juye mini tambayar, ni kuma na rasa ta cewa, don gaskiya azumin bara bashin mai shinkafa ne ya kai ni Sallah. Ku da kuka riga mu shiga harkar nan, yaya kuke yi da watannin shiru?

Alhaji Mai Kaset, Alabar:
Wa alaikumus salam, ɗana. Daga jin tambayar, surukin naka ɗan kasuwa ne. Watan da kake kuka da shi, da can a cikinsa kakata ke yanke saƙa. Na kafa teburin kaset tun kuɗinmu sidi na jan sifili, kafin 2007 da aka mai da sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. Wata goma sha ɗaya ina sayar da Shata da Ɗan Maraya da Barmani Choge, yawanci ga direbobin manyan motoci masu hawa Bawku da Wagadugu. Ana cewa an ga wata, sai in kwashe su in zuba a kwali ƙarƙashin tebur, in jera tafsiri da karatun Alƙur'ani. Wanda ya sayi goge shekaranjiya shi zai zo yau da carbi a hannu. Ban taɓa yi masa dariya ba, kuɗin duk ɗaya ne.

Shirun da ya kama ni daga baya ba na wata ɗaya ba ne. Faifan CD ya ture kaset, memori ya ture faifai, yanzu yaro daga kan gadonsa yake sauke waƙa a waya. Har yau akwai kwali uku na kaset a ɗakin ajiyata, ɓeraye suna gadinsu. Sunan ne kawai ya bi ni. Abin da ke shagon yanzu lasifika ne da makirfo da wayoyin haɗi da tsarkiyar jita. Masu coci su ne manyan abokan cinikina duk shekara, kwamitocin masallatai kuma sai azumi ya matso suke tuna na'urarsu ta ƙone.

Hajiya Zabiya, Asawase:
Alhaji ya taɓo wurin. Amma azumi da sauƙi, yana zuwa da sanarwa, ka san ranarsa tun watan Rajab. Wanda bai yi sallama ba shi ne 2020. Tsakiyar Maris aka hana taro saboda annobar korona, jana'iza ma aka ce kada a wuce mutum 25. Ranar 30 ga watan aka rufe Kumasi da Accra har mako uku, ana buɗewa kuma azumi ya shigo. Ina da biki huɗu da aka riga aka ba ni kafin alƙalami, na raba wa yaran kiɗana, na sayi anko. Iyayen amare biyu suka zo karɓar kuɗinsu. Zoben hannuna na sayar na biya ɗaya, ɗayar kuma ta ji tausayina ta ce in bari sai an buɗe gari.

Tun daga nan na ɗora kaskon masa a ƙofar gida, kuma ban sauke ba har yau. Wasu mata sun yi ta tsegumi wai zabiya guda da toya masa. Su ne dai ke aiko yara da kwano kafin shan ruwa. Shawarata, ɗana, kuɗin liƙi ba kuɗin cefane ba ne. Ni daren da aka tashi biki nake ware na adashi tun kafin in cire ɗankwali, kuma kwasata kullum a watan Sha'aban nake sa ta faɗo.

Baba Masassaƙi, Sabon Zango:
Jikana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Dukanku wata ɗaya kuke lissafi. Ni shiru yakan riga ku isowa wurina, kuma yakan daɗe bayan ya bar ku. Da makaɗi ya hango azumi sai ya daina gyara, ya rataye ganga da fatarta a yage. Ba za ka ga ƙeyarsa ba sai saura kwana biyar Sallah, su taru a kaina su goma, kowa gobe yake so, kowa kuma "Baba, in an sauko idi zan kawo kuɗin."

Fata ba ta san gaggawa ba. Ta ɗan akuya ce ake sa wa kalangu, mai laushi, ba tsohon bunsuru ba. Sai na jiƙa ta, na kankare gashin da hankali don wuƙa ta kuskure sau ɗaya an yi asara, na ɗaura ta a zobe tana da danshi, na ɗinke, sannan in bi da tsarkiya ɗaya bayan ɗaya ina daidaita ja. Daga nan a inuwa za ta bushe. Ka kai ta rana don sauri, ranar Sallah gaban sarkin zango za ta fashe maka, ka zo kana cewa aikina ne ba kyau. Ga Kumasi kuma da laima. Da damina ganga takan saki jiki ta riƙa magana kamar mai mura, da hunturu kuma icen ne ke tsagewa.

Mahaifina a arewa alilliba yake sassaƙawa. Ni a nan icen da Tonawa, wato Ashantawa, ke kira tweneboa nake samu, wanda suke yin gangarsu ta atumpan da shi, nakan bi masassaƙan Ahwiaa a hanyar Mampong mu yi ciniki. Goge kuwa ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki, kuma dokin ba a Aboabo yake ba, sai an sauko mini da izgar daga arewa. Duk wannan da kuɗina nake saye hannu da hannu, babu mai ba ni bashi, ni ne dai mai bayarwa. Abin da ke ɗan rufa mini asiri fatun layya ne, in tara in zuba gishiri su kai ni watanni. Ta sa kam ba na ja da masu ganda, sun fi ni kuɗi. Sai gangar jembe da nake kai wa masu shaguna a Cibiyar Al'adu don baƙin Disamba, da turmi da taɓarya na kayan ɗakin amare. Ina gaya maka, turmi ya fi ganga ciyar da gidana, ko da yake ba shi nake jin daɗin sassaƙawa ba.

Ɗan Nima:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ku na Kumasi ku gode wa Allah, shirunku ɗaya ne. Mu a Accra biyu ne. Kowace shekara kafin bikin Homowo sarakunan ƙabilar Ga sukan hana kiɗa da hayaniya har wata guda, wajen Mayu zuwa Yuni. Shekarar da azumi bai faɗo ciki ba, wata biyu ke nan. Ni gangar brekete nake bugawa, in lokacin ya zo sai in bi aikin da ke wajen yankin, ko in hau babur ɗin yayana in yi kai saƙo. A azumi kuma ni da yara biyu mukan zaga layi muna tayar da mutane sahur, ranar Sallah mu bi gida gida karɓar goro. Ba yawa, amma ya taɓa ɗinka mini kaya.

Sipina, Asawase:
Ni DJ ne, kada a ji haushina, amma yaya, sayi kwamfuta. Mai biki yanzu lissafi yake: makaɗa biyar da abincinsu da motarsu, ko mutum ɗaya da lasifika? A azumi ni ina haya da kayan sautina wurin tafsiri da musabaƙa. Kuma yaran asakaa, wato mawaƙan zamani da suka tayar da Kumasi tun 2020 suna son sautin gida cikin kiɗansu. Ka zo situdiyo ka buga, a biya ka a take. In kuma waƙarka ce, ka yi mata rajista a GHAMRO, su ke karɓar kuɗin haƙƙin mallaka daga gidajen rediyo da otal-otal.

Hajiya Zabiya, Asawase:
Sipina, kwamfutar taka ta san sunan kakar amarya? Ran nan a wani biki wuta ta ɗauke kana tsaka da cika baki, wa ya riƙe taron har aka tayar da janareta?

Sipina, Asawase:
Ke ce, Hajiya. Na tuba. Amma ai da makirfona kika ƙarasa.

Ɗan Kalangu, Aboabo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Adashin Hajiya zan shiga in akwai gurbin namiji. Situdiyo ma zan leƙa. Baba, abin da ya fi tsaya mini a rai naka ne. In za ka karɓe ni, ina so in riƙa zuwa da safe ina koyon ɗaurin fata, ko ba komai in kawu ya koma ya samu abin faɗa.

Baba Masassaƙi, Sabon Zango:
Ka zo ranar Asabar bayan asuba, da tsohuwar riga, don warin jiƙon fata ba ya fita. Na gane ka tun da ka ce Aboabo, kai ne mai kalangun da bakinsa ya ɗan karkace. Ka taho da sidi tamanin ɗin gyaran Sallar bara.