"Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare": miyar wa ta ƙare a Kinshasa?

Malamin Hausa:
Assalamu alaikum. Karin maganar da na kawo mana yau kowa ya san ta, wato "ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare". Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne wata gardama da ta tashi a majalisarmu bayan sallar isha'i, inda wani ya ɗora ta a kan damben Muhammad Ali da George Foreman, wanda aka yi a Kinshasa, babban birnin ƙasar da a lokacin ake kira Zayar, ranar 30 ga Oktoba, 1974. A fahimtarsa, miyar ita ce ƙarfin Foreman, wanda ya ƙare tun kafin turmi na takwas da Ali ya kayar da shi ya karɓe kambun duniya na ajin masu nauyi. Ni dai ban gamsu ba, domin a sanina wannan karin magana yabo ce ga wanda ya ci gaba da kai loma bayan abin da ke akushi ya koma gaya. Ina so mu duba ko ta dace da wannan dambe, kuma idan ta dace, a gaya mini miyar wa ta ƙare.

Baba Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, Malam. Ina saurayi aka yi wannan dambe, kuma da safe muka ji labarinsa a rediyo, domin da misalin ƙarfe huɗu na asuba aka fara shi, saboda ya dace da lokacin masu kallo a Amurka. Yaran yanzu suna kallon bidiyon ne bayan sun riga sun san ƙarshensa, shi ya sa ba za su gane irin tsoron da masoya Ali suka shiga ba. Foreman yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa cin galaba a kansa ba, kuma 37 daga ciki da bugun kwaf ɗaya ya gama su. Joe Frazier, wanda ya doke Ali a 1971, Foreman ya kai shi ƙasa sau shida a cikin turmi biyu a Jamaika a 1973. Ken Norton, wanda ya karya wa Ali muƙamuƙi, shi ma bai wuce turmi na biyu ba a hannunsa. Ali kuwa shekararsa 32, kuma an raba shi da dambe fiye da shekara uku tun daga 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam. Saboda haka ni a wurina miyar Ali ce ta ƙare, kuma miyar nan ita ce ƙafarsa. Da can rawa yake yi a fili, ba a iya taɓa shi, kuma da wannan saurin ya yi suna. A Kinshasa ya gwada rawar a turmin farko, ya ga ba za ta kai shi turmi goma sha biyar ba, sai ya jingina da igiya ya ci tuwonsa gaya.

Tsohon Ɗan Dambe:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a kan kalmar gaya. Wanda ya ci gaya haƙuri kawai ya yi, ya haɗiye abin da ba ya so domin babu yadda zai yi. Abin da Ali ya yi a jikin igiya ya wuce haka, kuma duk wanda ya taɓa ɗaure hannu ya shiga fili zai gane shi. Igiyar tana lanƙwasawa idan ya kwanta da baya a kanta, don haka kansa ya yi wa Foreman nisa, naushi da yawa suka ƙare a damtse da gwiwar hannu ko kuma a iska, alhali naushin da ya wuce a iska ya fi wanda ya sauka gajiyar da mai shi. Idan sun haɗu, Ali yakan riƙo ƙeyarsa ya danna kansa ƙasa, ya bar masa nauyin jikinsa ya ɗauka. Sannan ba tsayawa ya yi yana shan duka kawai ba, domin a kowane turmi yana aika nasa kai tsaye zuwa fuska, har fuskar Foreman ta fara kumbura. A kalli ƙarshen turmi na biyar: Foreman ya daɗe yana narkar haƙarƙarinsa da dukan ƙarfinsa, ana saura daƙiƙu kaɗan Ali ya taso masa da ruwan naushi. Lokacin da aka tsayar da damben, alƙalai ukun duka Ali suke bai wa rinjaye a maki. Mai cin gaya ba ya kasancewa a gaba a lissafi. Karin maganar da ta fi dacewa ita ce "tsohon doki mai sane".

Ɗalibar Jami'a:
Ina neman afuwar iyayena, zan ɗan koma kan lafazin kansa. An ce ba a san maci tuwo ba, wato magana ce a kan sanin masu kallo, ba a kan halin mai ci kaɗai ba. Muddin akwai miya, mai son tuwo da mai lasar miya duka suna miƙa hannu a akushi ɗaya, kuma babu mai iya bambance su. Idan muka bi wannan, karin maganar ta fi kama Foreman, domin shi ne wanda ba a san shi ba. Dambe ukun da ya yi a kan kambu kafin Kinshasa, da Frazier da José Roman da Norton, idan aka tara su duka turmi biyar ne kacal. Babu wanda ya san abin da zai rage masa a turmi na bakwai idan abokin karawarsa yana tsaye yana dubansa. Ali kuwa an riga an san shi, tun da ya tashi daga faɗuwa a turmi na goma sha biyar a hannun Frazier, kuma ya kai ƙarshen dambe da Norton da karyayyen muƙamuƙi. To wane sabon sani aka samu game da shi a daren nan?

Malamin Hausa:
'Yata, kin kawo magana mai nauyi, kuma na yarda cewa kalmar sani ita ce ginshiƙin zancen. Sai dai ki lura da wanda aka ce za a sani. Ba a ce "ba a san malashin miya ba", an ce maci tuwo, kuma a duk inda na ji Bahaushe ya yi amfani da ita, wanda ya tsaya ake nufi: abokin da bai gudu ba ranar da arziki ya karye, ko manomin da ya kai ƙarshen kunya bayan rana ta take. Tonon asirin wanda ya janye hannu yana zuwa ne a matsayin gyara kayanka, amma ba shi aka sa a gaba ba. Game da tambayarki kuwa, an san Ali yana da juriya, amma ba a san zai iya cin dambe a tsaye wuri ɗaya ba, har mai horar da shi, Angelo Dundee, ya riƙa yi masa ihu ya bar jikin igiyar.

Masoyin Foreman:
Malam, ranka ya daɗe, ni ina ganin an taru an yi wa mutum ɗaya rubdugu, kuma karin magana takan rufe bakin mai bincike idan ta yi daɗi a kunne. Akwai abubuwan da ya kamata a sa a ma'auni. A watan Satumba aka shirya yin damben, sai Foreman ya ji rauni a saman idonsa wajen atisaye, aka ɗaga shi da kimanin mako biyar, kuma raunin ya hana shi gwajin dambe yadda ya saba. Jama'ar gari ba sa tare da shi, har karen da ya zo da shi ya tuna musu da karnukan 'yan sandan mulkin mallakar Beljiyam, kuma mutum wajen 60,000 ne a filin wasa suna ihun "Ali bomaye", wato Ali kashe shi. Riƙon ƙeyar da ɗan'uwana ya yaba laifi ne a ƙa'idar damben zamani, amma alƙalin wasa, Zack Clayton, bai rage wa Ali maki ko ɗaya ba. Foreman ya yi ƙorafi a kan sakin igiyar da kuma saurin ƙirgen da aka yi masa. Abin da ya fi damuna shi ne ba a sake haɗa su ba har suka bar dambe. Ali ya kara da Frazier sau uku, da Norton sau uku, da Foreman kuwa sau ɗaya tak. Idan akushi ɗaya aka taɓa ajiye musu, da wane dalili za a ce an san maci tuwo?

Tsohon Ɗan Dambe:
Yallaɓai, batun rashin sake haɗuwa na ba ka gaskiya, kuma a damben gargajiya ma wanda aka kashe yana da haƙƙin neman fansa. (Ihun mutanen Kinshasa bai taɓa ba ni mamaki ba, tun da mu ma idan mutum ya kai ƙasa cewa muke an yi kisa.) Amma igiyar nan ta su biyu ce, kuma babu wanda ya tilasta wa Foreman ya riƙa zuba ƙarfinsa a kan damatsan mutum turmi bayan turmi. Yana da tsohon zakara Archie Moore a kusurwarsa, yana da damar ja da baya ya kira Ali tsakiyar fili, bai yi ba, saboda ya saba duk wanda ya taɓa sai ya faɗi. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa ya kai wa Ali wani naushi mai nauyi, sai Ali ya raɗa masa a kunne yana tambayarsa ko iyakar ƙarfinsa ke nan, kuma ya ce a ransa ya amsa cewa iyakarsa ke nan. Idan mai akushi ya ce miyarsa ta ƙare, ban ga abin da ya rage mana mu yi musu a kai ba.

Ɗalibar Jami'a:
Akwai wata karin magana da take yi mini yawo a rai tun da aka fara batun igiya, wato "kowa ya ci zomo ya ci gudu". Muna yabon dabarar kamar kyauta aka same ta, alhali da jikinsa Ali ya biya. Bayan Kinshasa ya ci gaba da dogara ga iya shan duka, ya yi turmi goma sha huɗu masu tsanani da Frazier a Manila a 1975, kuma likitansa, Ferdie Pacheco, ya rabu da shi a 1977 bayan ya ba shi shawarar ya daina bai ji ba. A 1984 aka tabbatar yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki. Ina jin nauyin kiran abin da ya faru a daren nan cin tuwo kawai, domin dala miliyan biyar da aka ba kowannensu, a ƙasar da shugaba Mobutu ke mulki a lokacin, talakawa na fama, ba ta sayi lafiyar kowa ba.

Baba Tsohon Direba:
Jikata, kin faɗi gaskiya, kuma mu da muka yi murna a lokacin ba mu hango wannan ba. Amma ina so in koma wurin ɗana mai kare Foreman, domin ina ganin yana da hujjar da ta fi duk waɗanda ya kawo, bai ɗauko ta ba. Ya tambaya ko akushi ɗaya ya isa, to an sake ajiye wa mutuminsa wani akushin, sai dai ba tare da Ali ba. Foreman ya bar dambe a 1977 bayan Jimmy Young ya doke shi, inda a nan ma gajiya ta kama shi, ya koma wa'azi a cocinsa har shekara goma. Da ya dawo a 1987 ya yi ƙiba, gashi ya tafi, mutane suna yi masa dariya, amma ya daina gaggawa, har tsakanin turmi da turmi a tsaye yake hutawa. A 1991 ya kai turmi goma sha biyu da Evander Holyfield, ya sha kaye da maki ba tare da ya faɗi ba. Ranar 5 ga Nuwamba, 1994, yana da shekara 45, ya hau da Michael Moorer mai shekara 26, wanda ya yi ta dukansa yana gaba a maki har turmi tara, sannan a na goma Foreman ya sauke masa dama ɗaya ya karɓi kambun. Ku dubi yadda abin ya juya: a wannan karon shi ne tsohon da ƙuruciya ta ƙare masa, shi ne ya jure, yaron ne ya kwanta.

Masoyin Foreman:
Baba, na karɓi wannan hannu bibbiyu, kuma na janye batun igiya, tun da shi kansa daga baya ya zama aminin Ali. Abin da ban janye ba shi ne cewa a 1974 an yi gaggawar yanke masa hukunci, domin wanda aka ce miya kawai yake lasa sai da aka shekara ashirin kafin a ga cinsa. Malam, ina so a rubuta cewa karin maganar ta kama su duka biyun, kowa da ranarsa.

Malamin Hausa:
Ban amince a raba ta biyu a kan damben Kinshasa ba, domin tambayar da na yi a kan dare ɗaya ce, kuma a daren nan mutum ɗaya ne ya rage a tsaye lokacin da Clayton ya gama ƙirge, saura daƙiƙa biyu turmi na takwas ya ƙare. Na 1994 akushi ne dabam, kuma a kansa ba ni da ja. Baba ya manta da abu biyu game da shi: gajeren wandon da Foreman ya sa a ranar shi ne jan wandon da ya faɗi da shi a Kinshasa, kuma mutumin da ke tsaye a kusurwarsa yana ba shi shawara Angelo Dundee ne.