Zumuntar gidanmu tana watsewa, ku ba ni shawara

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Fasto ya raba mu rukuni-rukuni bisa ga unguwanni domin zumuntar addu'a a gidaje, aka damƙa mini na Mabera a Sakkwato. Ran Laraba da yamma muke haɗuwa, gida-gida. Mu 14 muka soma, yanzu da ƙyar mu kai biyar. Abin ya samo asali ne ranar da wata 'yar'uwa ta dafa mana shinkafa da kaji. Tun daga nan, duk wanda layi ya zo kansa sai ya ce ba ya gari. Ga kuma wani babanmu, in ya karɓi magana sai ya cinye awa guda, ni kuwa ya haife ni, ba na iya katse shi. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Zumuntar Mata: Ɗana, kunya ce ta kore su, ba sanyin bangaskiya ba. Mu ma mun sha wannan, sai muka kafa doka: ruwa kawai, ko gidan wa aka je. A zafin Afrilun Sakkwato ai ruwan randa ma karamci ne.

Wani ɗan ƙungiyar mawaƙan coci: Mama, ki yi haƙuri, amma Ayyukan Manzanni 2:46 ta nuna masu bi na farko suna cin abinci tare gida-gida. Kada a kashe cin. Sau ɗaya a wata kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, ƙosai ko fura, a haɗa ba a san na wa ba.

Wani dattijon ikilisiya: Kada ka katse baban nan a gaban jama'a. Je ka gaishe shi a gida, ka roƙe shi ya riƙa rufe taro da addu'a da sa albarka. Ka girmama shi ke nan, ka kuma sami lokacinka. Wa'azi na Lahadi ne.

Wata 'yar Katolika: Mu bisharar Lahadi mai zuwa muke karantawa, a yi shiru kaɗan, kowa ya faɗi ayar da ta taɓa shi, sannan a zaɓi mara lafiyan da za a duba a makon. Ku bar lasifika saboda maƙwabta, ku kuma tashi kafin magariba, mata na da girki.

Mai tambaya: Na gode, ran Asabar zan je wurin Baba. Mama, waɗanda suka daina zuwa fa, in buga musu waya?

Uwar: Taka da ƙafarka, kuma kada ka tambaye su dalili. Soma da masu ɗaki ɗaya.