Zanena zai shiga ɗakin nuni na jami'a, me zan shirya?

Mai_Gawayi: Assalamu alaikum. Ni ba ɗaliba ba ce, unguwarmu ce dai ke maƙwabtaka da jami'a. Ɗan ƙaramin ɗakin nunin zane-zanensu ya karɓi zanena 3 na gawayi, za a rataye su tare da na ɗalibai har sati 6. Murna ta hana ni tambayar komai. Me zan yi kafin in kai?

Tsohon_Ɗalibi: Barka da arziki, 'yar'uwa. Gawayi ba ya son taɓi. Ki fesa masa maganin da ke kama shi a jikin takarda, sannan ki sa firam. Amma kada gilashin ya manne da zanen, a sa kwali mai taga a tsakani. Ki guji robar nan mai kama da gilashi, janye ƙurar gawayi take yi.

Mai_Kula_Da_Ɗaki: Na yi wannan aikin. Roƙi a ba ki bangon da rana ba ta dukansa, don haske yana sa takarda ta yi ja. Mukan daidaita tsakiyar zane wajen santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, saitin ido. Abin da mutane ke mantawa shi ne rubutacciyar yarjejeniya: ranar ɗauka, wa zai biya idan ya lalace, kuma nawa ne kason ɗakin in an saya. Ki rubuta sunanki a bayan kowane zane. Na taɓa musanya takardun suna biyu, sai da mai zanen ya zo da mahaifiyarsa muka gane.

Mai_Gawayi: Na gode, Malam. Wallahi robar na yi niyyar saye gobe!